Wushiryar Gidanmu

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ki, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki da maƙwabta.

Ba ki san ni ba. Ni ce autar ƙaninki Tela, an haife ni bayan kin daɗe da barin gida. Kowa Auta yake ce mini. Ina aji biyar a sakandare. Baba ne ya faɗa mini sunan asibitin da kike aiki a ɗakin wanki da guga. Maganar ta sha wuya kafin ta fito daga bakinsa, amma ta fito, har ya maimaita don kada in yi kuskure. Na san zamanin waya ne, to wayar gidanmu a hannun Mama take, kuma ni bakina ba ya iya abin da hannuna yake iyawa.

Mama tana lafiya, sai ciwon baya. Yaya da matarsa suna lafiya, ta haifi mace, muna ce mata Kumatu. Baba ne dai jikin sai a hankali. Rawar jikin ta kama kafaɗunsa da wuyansa yanzu, ba hannu kaɗai ba. Keken ɗinkinsa yana ƙuryar falo, an lulluɓe shi da tsohon labule tun ranar da ya yini yana neman kafar allura bai samu ba. Da kofin roba muke ba shi ruwa, rabi-rabi, duk da haka yana ƙwarewa. Yana cin abinci sosai, amma kullum ramewa yake yi. Kwanaki ya fita ƙofar gida, wasu yara suka bi shi suna cewa ya sha ya bugu. Tun ranar bai sake fita ba. Likita ya ce sunan ciwon Hantinton, kuma na gado ne. Magani yana rage motsin, amma ba ya warkarwa.

Gwaggo, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi miki. Kin fi ni sanin abin da ake faɗa a gidanmu, cewa rawar Kaka wushirya take bi. Kaka yana da wushirya, ya yi rawa har ya koma ga Allah. Baba yana da ita, ga shi yana yi. Marigayi Baffa ba shi da ita, kuma bai yi ba. Yaya haƙoransa a jere suke, a matse, kamar na Mama. Ni kuwa ina da ita.

A makaranta ƙawayena cewa suke yi wushirya ado ce, wata har ta ce in sayar mata. A gida kuwa Mama ba ta sa ni ɗaukar abu mai nauyi, ba ta yi mini faɗa ko na ƙona tukunya. Idan cokali ya kuɓuce mini, falon yakan yi tsit, kowa ya zuba wa hannuna ido. Na fi son a zage ni da wannan shirun. Idan dariya ta kama ni nakan rufe baki da hannu, domin na lura duk lokacin da Mama ta ga haƙorana sai fuskarta ta canza.

Akwai hotonki a bangon ɗakin Baba, kina budurwa, kina dariya. Taki wushiryar ta fi tawa faɗi. Mama ta ce kin tafi ne don kada a ga rawarki, shi ya sa ba kya zuwa.

Gwaggo, kina rawa? Abin da nake son sani ke nan.

Idan za ki ba ni amsa, ki aiko ta makarantarmu ta hannun Malamar Bayoloji. Ta yarda za ta riƙa karɓar mini.

Taki mai ladabi,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso. A tsaye na fara karanta ta tsakanin injina, ban kai rabi ba na nemi ƙullin zannuwan gado na zauna. Ashe Tela har ya haifi mai rubutu kamar na akawu. Shi da ko awon wuya zai rubuta sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takardar.

Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da zafin ɗakin guga. Kin tambaye ni ko ina rawa. Ke 'yar nan, ko da ƙuruciya idan ƙawaye sun shiga fili ni mai riƙe musu jaka ce, balle yanzu da na haura sittin. Uwarki kuma ta faɗi abin da take so, bakinta ne.

Ga abin da zai amfane ku. Ni na yi jinyar Kakanku, na san hanyar. Kada ku ba Tela ruwa yana kwance ko yana kishingiɗe. Ku zaunar da shi sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, kuma kada a yi masa hira yana haɗiya. Abin sha mai ɗan kauri ya fi masa tsinkakke sauƙi. Ku riƙa yanke masa farce, ku kawar da teburi mai kaifin baki daga hanyarsa. Idan ya yi faɗa ba dalili kada ku riƙe shi a zuci, ciwon ne. Kuma ku cire labulen nan daga kan keken, ba gawa ba ce. Ku bar shi ya riƙa ganin abinsa.

Ke kuma ki yi karatunki. Yarinya mai shekarunki ba ta da aikin leƙen bakin mutane.

Ki gaishe da Tela. Ki ce Yayarsa ta ce har yanzu ba ta yafe masa rigar da ya ɗinka mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Mun bi abin da kika ce, ƙwarewar Baba ta ragu. Na cire labulen. Da na isar masa da saƙon riga ya yi dariya har da hawaye, ya ce hannunki ne ɗaya ya fi ɗaya, ba rigarsa ba.

Na karanta takardarki sau da yawa. Na duba rubutun, layukan a miƙe suke. Duk da haka da wasa kika amsa mini, shi ya sa zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Amma yau ba maganata na kawo ba, ta Yaya ce.

A makon jiya Malama ta koya mana darasin gado. Ta ce kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma idan zai haihu ɗaya kawai yake miƙa wa ɗansa daga kowane biyun. Ta ce akwai cututtukan da sai lalatattu biyu sun haɗu suke bayyana, akwai kuma waɗanda ɗaya ta isa. Ta zo da 'yar jaka ta saka marfin kwalba biyu, ja da fari, ta ce wannan uba ne mai irin ciwon da ɗaya ta isa. Kowace ɗaliba ta rufe ido ta ciro, a duba, a mayar. Wata ta ciro fari, ta bayanta ja, sai aka yi ja uku a jere. Malama ta ce jaka ba ta tuna abin da aka ciro ɗazu, kowane ɗa rabonsa rabi da rabi ne. 'Yan aji suna ta shewa. Ni da layi ya zo kaina na ce cikina yana ciwo.

Bayan an tashi na tsaya goge allo don kowa ya fita. Na tambaye ta ko jan marfin yana zuwa a ɗaure da wushirya. Ta ce a'a, tsarin haƙora hanyarsa daban, wannan ƙwaya hanyarta daban. Mutum zai iya ɗauko fuskar ubansa kaf bai ɗauko ciwon ba, zai iya kuma ɗauko ciwon alhali da uwarsa yake kama. Ta ƙara da cewa irin ciwon Baba, idan ta wajen uba ya zo, wani lokaci yakan fara wa ɗan da wuri.

A hanyar gida na tuna Baffa. Ana kafa hujja da shi, cewa ba wushirya ba rawa. To ai Baffa da ƙuruciyarsa mota ta kashe shi. Wa ya san abin da yake ɗauke da shi?

Gwaggo, kowa a gidan nan hannuna yake kallo, ni kuma na Yaya nake kallo. Idan ya zauna, yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwa kamar mai ƙirga wani abu. Girarsa ta hagu takan ɗaga ita kaɗai. Babban yatsansa ya yi baƙi don guduma, shi da a da yake alfahari bai taɓa kuskuren ƙusa ba. Rannan ya yi wa matarsa tsawa a kan mabuɗi har Kumatu ta firgita, mabuɗin kuwa yana aljihunsa. Yaya da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Shekaranjiya kofin shayi ya faɗi daga hannunsa ya fashe, Mama ta ce, "Ɗan nan akwai garaje, kamar ana korarsa." Da ni ce da salati za ta yi.

Kin san aikinsa? Kafinta ne, rufin gini yake yi. Yini yake a kan katako, ƙusoshi a baki, ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai iska. Yakan zolaye ni ya ce, "Auta, ke kam ba za ki yi aikinmu ba, ƙusa ta ƙofar nan ta haƙoranki za ta zube." Sai Mama ta ce, "Kai, bar mini yarinya ta ji da abin da ke gabanta."

Ba zan iya faɗa ba. Idan na buɗe baki za a ce mai wushirya ce take son ta ɗora wa ɗan'uwanta kayanta. Ko ba a faɗa ba, za a raya a zuci. Amma idan kika zo kika tsaya a tsakiyar falo, da wushiryarki, da shekarunki sittin, kika ɗauki kofi cike da ruwa bai zuba ba, maganar ta mutu ba sai kowa ya yi gardama ba. Daga nan sai a kalli Yaya da idon gaskiya.

Don Allah ki zo, ko kwana ɗaya ne.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu muna nan yadda kika sani. Kumatu ta fara zama, Baba yakan sa a ajiye ta kusa da ƙafarsa, don ba ya yarda ya ɗauke ta.

Na ji shiru. Kullum idan Malama ta shigo aji nakan dubi hannunta, ita kuma ta girgiza mini kai kaɗan yadda ba wanda zai lura. Zangon karatu ya kusa ƙarewa. Idan na yi rashin kunya da na ce ki zo, ki yafe mini. Na san ba a aiken babba.

Ga abin da ya faru. Guduma ta kuɓuce wa Yaya daga saman bene, ta wuce ta gefen kunnen wani lebura ta fasa bokiti. Da bakinsa ya ba mu labari muna cin abinci, yana dariya, wai leburan ya yi tsalle kamar kwaɗo. Mama ta yi dariya, matarsa ma ta yi, amma ita tata ba ta kai zuci ba. Baba bai yi ba. Ya tsura wa Yaya ido, bakinsa yana ta motsi, kalmar ta ƙi fita, har aka kwashe kwanuka.

Yanzu sun karɓi wani sabon aiki, rufin babban ɗakin ajiyar kaya, ya fi na baya tsawo. Na je har ƙofar ɗakinsa da niyyar in faɗa. Na tarar yana ɗaure igiyar takalmi, ta ƙi ɗauruwa, yana ta sakewa. Ya ɗago ya ce, "Malama Auta, lafiya kika tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji?" Sai na ce Mama ce take kira. Mama kuwa ba ta kira shi ba.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto mini.

Auta

*

Auta,

Ni abokiyar aikin Gwaggonki ce. Ita take faɗa, ni nake rubutawa.

Ta ce ta gaishe ki, takardunki biyu sun iso. Ta ce hannunta ba ya riƙe alƙalami yanzu, shi ya sa kika ji shiru. An kwantar da ita, amma an sallame ta, tana gida. Zuwa ba zai yiwu ba a halin da take ciki. Ta ce kada ki faɗa wa Tela, kada hankalinsa ya tashi. Sauran maganar kuma ta cikin gida ce, ba ta bi ta bakin wani, sai ta iya da kanta.

Wannan kuma ni nake ƙarawa, ba ta sani ba. Ku sa ta a addu'a. Ko kofi ba ta iya ɗauka, mu muke ba ta a baki, ga ta da taurin kai ba ta son a taimake ta.

Na gaishe ku.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ki gode wa baiwar Allahn da ta rubuto, Allah ya saka mata.

Na gane, Gwaggo. Ba sai kin wahalar da kanki da bayani ba. Tun da na buɗe ambulan na ga rubutun ba naki ba ne, jikina ya ba ni. Da na kai wajen kofi sai na shiga banɗakin makaranta na kulle, na yi kukana na wanke fuska. Ni da na ce ki zo ki ɗauki kofi cike da ruwa a gaban mutane. Ban san da wane ido kika karanta wannan layin ba. Ki yafe mini. Ashe shi ya sa kika amsa mini da wasa tun farko.

Ban faɗa wa Baba ba, kamar yadda kika ce.

Kaka, Baba, ke. Duk masu wushirya. Na san Malama za ta ce mutum uku ba hujja ba ne, ja uku ma sun fito a jere a aji. Amma marfin kwalba daban, gidanmu daban. Wataƙila tsofaffi sun ga abin da littafi bai gani ba. Wataƙila ni ce tsoro ya sa nake neman abokin tafiya, har na ɗora wa Yaya ido ina ƙirga masa motsi. Mai aikin ƙarfi dole hannunsa ya gaji. Mai sabuwar haihuwa dole barci ya yi masa kaɗan ya riƙa faɗa. Na gode wa Allah da ban buɗe baki na tayar da hankalin gida a banza ba. Idan ni ce, to ni ce. Gara ni da shi, shi yana da Kumatu.

Jarrabawa ta wuce, ban yi abin kirki ba. A da ina son in karanta aikin jinya. Yanzu idan na buɗe littafi sai in ce, wa zai yarda mai rawar hannu ta yi masa allura? Na gaya wa Mama bayan hutu wataƙila in zauna in taya ta kula da Baba. Ba ta ce a'a ba. Ta shafa kaina kawai.

Ki riƙa zama sosai idan za ki sha ruwa, haɓa ta ɗan sunkuya. Ke kika koya mini.

Gobe ake ba da hutu.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaguwa, da yatsu uku nake yi, sauran suna cikin bandeji. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ke wace irin yarinya ce? Wa ya ce miki rawa nake yi? Injin guga ne ya kama mini hannu. Zanin gado ya naɗe, na sa hannu in warware, ya haɗa da ni. Na dama ya ƙone, na hagu ya tsage wajen ciro ɗan'uwansa. Abin da ya hana ni ɗaukar kofi ke nan. Waccan sarkin surutun da na sa ta rubuta, na ce ta taƙaita, ashe ta taƙaita inda bai kamata ba ta ƙara inda ba a sa ta ba.

Buɗe kunnenki. Ba ni da ciwon Kakanku. Ba zato nake yi ba, gwajin jini aka yi mini a nan asibitin bayan na wuce hamsin, likitar ƙwaƙwalwa ta zaunar da ni ta faɗa mini. Farin marfi na ciro, in ji Malamarku. Wushiryata kuwa tana nan, har ta ƙara faɗi.

Kin san abin da wushiryar nan ta ci mini? Akwai wani mai gyaran agogo da ya nemi aurena, mutum mai sanyin hali. Na ce masa a'a, ya dawo, na sake cewa a'a, don na rantse ba zan haifi ɗan da zai yi jinyata ya kuma jira tasa ba. Na bar gida don kada Tela ya yi jinya biyu. Kowace safiya sai in miƙa hannuwana in duba, kamar mai jiran baƙo. Baƙon bai zo ba, ga shi na hana kowa wurin zama saboda shi. Ranar da aka ba ni sakamako ban yi murna ba. Na koma ɗakin guga na ƙarasa aikina. Lokacin Tela ya riga ya fara, kuma na rasa bakin da zan ce masa ni na tsira.

To ke ba za ki yi irin tawa ba. Makaranta za ki koma, ko da jan kunne. Rabonki rabi da rabi ne, ba ƙari ba ragi, haƙoranki ba su da ta cewa.

Maganar yaron nan kuwa, abin da kika lissafa mini, yatsu da gira da faɗa ba dalili, haka Kakanku ya fara. Ni ba likita ba ce, Allah ya sa na yi kuskure. Amma kada ki jira ni, hannun nan zai ɗau lokaci. Ranar da takardar nan ta same ki, ki je ki faɗa masa ya sauko daga rufi ya ga likita. In bakinki ya ƙi, ki miƙa masa ya karanta. In uwarki ta yi fushi, ta yi da ni.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya hannu? Allah ya sa ya warke sarai. Baba yana nan, maganarsa ta ƙara nauyi. Mama tana tsaye da ikon Allah.

Takardarki ta iso ana cikin hutu. Ta kwanta a aljihun teburin Malama har aka koma. Ni kuma ban koma a makon farko ba, sai ita ta kawo mini da kanta. A asibiti ta same ni.

Yaya ya faɗo, Gwaggo. Yana raye. Abokan aikinsa sun ce yana tafiya a kan katako kamar kullum, sai ƙafarsa ta yi wani motsi ita kaɗai. Allah ya sa tulin yashi ne a ƙasa. Ƙugunsa ya karye, da ƙafar dama wuri biyu. An sa masa ƙarfe. Sun ce zai taka, amma da sanda.

Washegarin faɗuwar wani likita ya zo zagaye, ya tsaya yana kallon yatsun Yaya a kan bargo. Ya tambaya ko akwai wani ciwo da ke bin danginmu. Mama ta ce, "Akwai na babansu, amma bai shafi wannan ba, likita. Duba bakinsa, ba shi da wushirya. Ga mai ita can." Ta nuna ni.

Lokacin ban ga takardarki ba, ina nan a kan cewa kina rawa. Amma na dubi yatsun nan suna ta ƙirga abin da ba ya ƙirguwa, sai na ji muryata ta fita. Na ce, "Likita, ya shafe shi. Ya daɗe yana yi." Na faɗi kofi, na faɗi guduma, na faɗi igiyar takalmi. Ɗakin kuwa cike yake da mutane. Mama ta ce, "Auta! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ɗan'uwanki kike yi wa fata?" Sai matar Yaya ta ce a hankali, "Mama, gaskiya ta faɗa. Ko yana barci ƙafarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya kafin barcin ya yi nisa. Na rasa wanda zan gaya wa."

Ba a yi gwajin nan take ba. Sai da suka zauna da shi, suka bayyana masa abin da sani zai jawo da abin da rashin sani zai jawo, suka ce zaɓinsa ne. Ya ce a yi. Sakamakon ya daɗe kafin ya fito. Yana da shi.

Ranar na kai masa abinci, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Malama Auta, zo nan. Kin san na daɗe ina ji a yatsuna? Sai in tsaya gaban madubi in buɗe baki, in ga haƙorana a matse, in ce gajiya ce, in ɗau jakata in fita." Sannan ya ce, "Ashe ƙusa ta ƙofar da babu ta zube." Ya so in yi dariya. Na kasa.

Na karanta masa takardarki, na karanta wa Baba. Da na kai inda kika ce kin rasa bakin da za ki ce kin tsira, Baba ya yi ta fama da harshensa, muka jira. Abin da ya fito shi ne, "Wawuya. Ta zo." Mama tana bakin ƙofa tana ji. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce in tashi in wanke tukwane, ta kuma yi mini faɗa sosai don na bar baƙi a gindin ɗaya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Nakan ce da na faɗa tun ranar igiyar takalmi, da yanzu da ƙafarsa yake tafiya. Malama ta ce kada in ɗauki wannan kayan, amma ba a ajiye shi da faɗa.

Na koma makaranta. Likita ya ce ni ba za a gwada ni ba sai na cika shekara goma sha takwas, kuma sai in ni na nema. Ban san ko zan nema ba. Wata rana ina so, wata rana ba na so. Na dai daina rufe baki idan zan yi dariya, ko da yake dariyar ta yi ƙaranci a gidan.

Ki zo idan hannu ya warke. Ba sai kin ɗauki kofi a gaban kowa ba. Ƙaninki ne yake son ganinki tun yana iya kiran sunanki.

Kumatu ta fara haƙori, biyu a sama. Jiya tana barci a cinyar Mama, na ga Mama ta kai yatsa za ta ɗaga mata leɓe, yadda aka ce ta yi wa Yaya, ta yi mini. Yatsan ya kai har bakin. Sai ta tsaya, ta daɗe a haka, sannan ta janye hannunta ta gyara wa yarinyar zani.

Ta ce, "A bar ta ta yi barcinta."

Taki,
Auta